Kauri da Ɗanɗano: Abin da Zobe Ke Faɗa Game da Tabar Kyuba



 

Na san akwai wanda da ya ga taken laccar nan ya yamutsa fuska, don haka bari in faɗi matsayina tun da wuri. Ban zo tallar taba ba, kuma ba zan sauka daga nan ba sai na faɗi illarta ƙarara. Fannina amfanin gona ne da yadda ake sarrafa shi har ya kai kasuwa. A duk kayan gonar da na nazarta, ban ga wanda ake bi da shi ta hannaye masu yawa, a auna shi da tsanani, a sayar da shi da tsada, kamar ganyen tabar Kyuba ba. Shi ya sa na ɗauko shi, don mu ga iyakar abin da ma'auni ke iya gaya wa mai saye.

Tabar da nake nufi ba sigarin da muka sani ba ne, mai farar takarda da yankakken ganye a ciki. Ina nufin wadda ganye ne zalla ciki da waje, aka naɗe ta da hannu. Masu jin Sifaniyanci suna ce mata puro, idan kuma a Kyuba aka noma ta aka naɗa ta, sunanta habano. Ni zan riƙa ce mata tabar naɗi, guda ɗaya kuma in ce kara, kamar yadda muke cewa karan sigari. Tambayar da za mu bi ita ce: idan ga kara siriri kamar ɗan yatsa, ga wani mai kauri ya fi babban yatsa, shin mai kaurin ya fi ɗanɗano? Shin ya fi inganci?

Mene ne zobe?

Ku dubi wannan ɗan katako da ke hannuna. Yana da kwari a tsaye inda ake kwantar da kara a ga tsawonsa, yana kuma da rami inda ake zura shi a ga kaurinsa. A masana'antun Habana, babban birnin Kyuba, sunansa cepo, kuma kowane girman kara yana da nasa. Lambar da ke jikin ramin ita ake kira zobe. Kada a rikita ta da 'yar takardar nan mai ado da ake ɗaurawa a wuyan kara, wannan tambarin kamfani ce kawai.

Lissafin ba wuya. An raba inci ɗaya gida 64, kowane gida shi ne zobe ɗaya. Kara mai zobe 64 faɗin bakinsa inci ɗaya ne cif, wato milimita 25.4. Mai zobe 50 ya kusa milimita 20. Mai zobe 38 ya ɗan ɗara milimita 15.

Kowane girma yana da suna. Lancero dogo ne siriri, zobe 38, tsawo milimita 192. Corona zobe 42 ne, tsawo 142. Robusto gajere ne kakkaura, zobe 50, tsawo 124. Akwai kuma wanda kamfanin Romeo y Julieta ya raɗa wa sunan Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, wanda ya fara zuwa Kyuba a 1895 yana matashin soja. Wannan karan zobe 47 ne, tsawo 178. A rabon da 'yan Kyuba suka saba da shi, abin da bai kai zobe 40 ba siriri ne, daga 40 zuwa 45 matsakaici, daga 46 zuwa sama kuwa mai kauri. Ku riƙe wannan, domin za ku ga yadda kasuwa ta ture iyakar nan.

Riga, 'yar ciki da kayan ciki

Ba za a gane aikin zobe ba sai an san abin da ke cikin kara. Sassa 3 ne. Ganyen waje mai santsi da sheƙi shi ne capa, mu ce riga. Ƙarƙashinsa akwai capote, ganye mai ƙarfi da ke riƙe komai, mu ce 'yar ciki. A tsakiya kuma akwai tripa, kalmar da ma'anarta hanji, mu ce kayan ciki.

Mafi shaharar ganyen Kyuba daga Vuelta Abajo yake fitowa, a lardin Pinar del Río da ke yammacin tsibirin, musamman kewayen San Juan y Martínez da San Luis. Ganyen riga a ƙarƙashin rumfar farin yadi mai shara-shara ake noma shi, don rana ta sassauta masa, ya fito da faɗi da laushi, jijiyoyinsa ƙanana. Shi ne mafi tsada a duk ganyayen. Ganyen kayan ciki kuwa a fili yake shan rana, kuma halinsa ya danganta da inda ya fito a jikin shukar. Na ƙasa, volado, ba shi da ƙarfi amma yana cin wuta da kyau. Na tsakiya, seco, shi ke ba da ƙamshi. Na sama, ligero, wanda ya fi shan rana, kauri gare shi da maiƙo da ƙarfi, kuma wuta ba ta cin sa da sauri. Saboda haka ne ake sa shi a can tsakiyar kara, inda zafi ya fi yawa.

Mai haɗi, wato gwanin da ke tsara ganye nawa na kowane iri zai shiga kara, da waɗannan yake aiki. Zobe kuwa shi ne girman ɗakin da aka ba shi ya shirya kayansa.

Lissafin ƙosai

Kowa a ɗakin nan ya san bambancin ƙaramin ƙosai da babba, ko da daga ƙullu ɗaya aka soya su a mai ɗaya. Ƙarami kusan duk ɓawo ne, ƙurus-ƙurus. Babba kuwa cikinsa mai laushi shi ke cika baki, ɓawon ɗan kaɗan ne. Ƙullun bai canza ba, rabon waje da ciki ne ya canza.

Haka abin yake a kara. Riga tana bin kewaye, kayan ciki suna bin filin da ke tsakiya. Idan ka ninka kauri sau 2, kewaye zai ninku sau 2, amma filin ciki zai ninku sau 4. Mu ɗauki zobe 38 da zobe 60. Kewayen mai 60 ya fi na mai 38 da kusan kashi 58 cikin 100, amma cikinsa ya ninka na wancan kusan sau 2 da rabi. Ashe duk lokacin da zobe ya ƙaru, muryar riga tana raguwa a cikin hayaƙi, muryar kayan ciki tana ƙaruwa.

Wannan shi ne ginshiƙin maganar duka. A kara siriri, ganyen riga, wanda aka fi wahala a kansa, shi ake ji gaba-gaba. Ɗanɗanon yakan fito da kaifi, a dunƙule, ba ya yawan karkata. Amma ɗakin mai haɗi ƙarami ne. Wani lokaci rabin ganyen ligero kaɗai zai iya sawa, wani lokaci ya bar shi gaba ɗaya. A kara mai kauri kuwa, yana da sarari ya haɗa ganyaye iri-iri, har daga gonaki daban-daban, ɗanɗano ya fito da faɗi, wani yana rufe kaifin wani. Da kamfanin Cohiba ya fitar da Behike a 2010, mai ɗauke da medio tiempo, wato ganyaye 2 na can ƙololuwa da ba kowace shuka ke fitarwa ba, a zobe 52 da 54 da 56 ya yi shi, domin ganye mai ƙarfi irin wannan yana bukatar abokan zama.

Masu sana'ar sun daɗe suna gardama a kan kashi nawa na ɗanɗano ne ke zuwa daga riga. Gardamar ba ta ƙarewa, domin amsar tana canzawa da zobe. Shi ya sa haɗi ɗaya, suna ɗaya, tambari ɗaya, idan aka naɗa shi a lancero aka kuma naɗa shi a robusto, mashaya ke cewa kamar taba biyu ce daban.

Wutar kara da wutar gungume

Abu na biyu da zobe ke canzawa shi ne wuta. Matan da ke girki da itace sun san wutar kara: saurin kamawa, saurin zafi, saurin cinyewa. Gungume kuwa a hankali yake ci. A kara siriri, iskar da aka zuƙa tana bi ta ƙuntataccen wuri, garwashin ya yi ja da sauri. Idan mashayi ya yi gaggawa, ganyen ya ƙone fiye da kima, hayaƙi ya yi zafi da ɗaci. Don haka ne masu sayarwa ke cewa siriri na mai haƙuri ne, wanda zai bar kamar minti guda tsakanin zuƙa da zuƙa. Mai kauri yana baza iskar a fili mai faɗi, wuta ta ci a hankali, hayaƙi ya fito da yawa kuma da sanyi-sanyi. Yana yafe wa mai gaggawa.

Amma kauri yana da nasa cikas. Idan ya wuce kima, kunna shi ya yi daidai ta ko'ina aiki ne. Wuta kan ci gefe ɗaya ta bar ɗaya, ko ta yi rami ta tsakiya ta bar riga a baya. Don gudun haka, wasu masu haɗi kan ƙara volado mai cin wuta, shi kuwa ba shi da abin faɗa. Sai ka ga kara cike da hannu, hayaƙi kamar an kunna bola, ɗanɗano lami. Saboda haka kuskure ne a ɗauka mai kauri ya fi ƙarfi. Ƙarfi daga irin ganyen yake zuwa. Siriri mai ligero zai iya juya kan mutum fiye da kakkaura mai cike da volado.

Hannun mai naɗi

Na taɓa tsayawa a zauren naɗi na wata masana'anta a Habana. Tebura ne jere kamar aji, ga dandamali a gaba inda mai karatu ke karanta wa ma'aikata jarida da littattafai, al'adar da ta faro tun 1865. Na tsaya bayan wata dattijuwa mai naɗa siririn kara. Kayan aikinta ba yawa: allon katako, wata wuƙa mai faɗi marar ƙota da suke kira chaveta, da ɗan kwanon ƙaro na liƙi. Ta ɗauki ganyen ciki ɗaya bayan ɗaya, tana lanƙwasa kowanne a tafin hannunta yadda zai bar hanyar iska, ba ta ko kallon hannun. Can sai ta tsaya, ta bi dunƙulen da yatsu daga sama zuwa ƙasa, ta zare wani ɗan guntun ganye da bai kai faɗin farce ba, ta ajiye gefe, sannan ta naɗe da 'yar ciki ta sa a akwatin matsewa na katako.

Wannan ɗan guntun shi ne bambancin kara mai kyau da toshasshe. A zobe 38, ƙarin ganye kaɗan ya isa ya toshe hanya, mashayi ya yi ta ja babu hayaƙi. Ragi kaɗan kuma ya sa wuta ta ruga. A zobe 54 ko 60, irin wannan kuskure ɓacewa yake a cikin yalwa. Don haka siriri dogo sai gwanaye ake ba. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Kyuba ta yi gaggawar ninka abin da take fitarwa ta ɗebi sababbin ma'aikata da yawa, kuka ya yi yawa a kan toshassun kararen taba. A farkon shekarun 2000 sai aka shigo da na'urar gwada jan iska, ana gwada dunƙule kafin a sa masa riga.

Tarihin Cohiba ma da siriri ya fara. Wani mai naɗi, Eduardo Rivera, yana naɗa wa kansa dogon kara siriri, ta hannun wani mai gadin Fidel Castro ya kai ga shugaban. A 1966 aka raɗa masa suna Cohiba, aka keɓe masana'antar El Laguito don yin sa, kuma ba a fara sayar da shi ga jama'a ba sai 1982. Tabar da aka riƙa bai wa shugabannin duniya kyauta a matsayin ƙololuwar abin da Kyuba ta iya, zobe 38 ce.

Yadda kasuwa ta karkata

Shekaru da yawa corona da ƙaninsa mai zobe 42, irin Montecristo lamba 4, su ne gama-gari. Abin ya fara canzawa ne a Amurka. Tun 1962 takunkumi ya hana tabar Kyuba shiga can, kuma iyalan masu sana'ar da suka bar tsibirin suka kafa gonaki da masana'antu a Estelí ta Nikaraguwa, da Santiago ta Jamhuriyar Dominika, da Honduras. A 1992 mujallar Cigar Aficionado ta fara fitowa, tabar naɗi ta zama abin yayi, sababbin mashaya suka yi yawa. Robusto ya hau gaba, daga baya zobe 60 ya zama abin da ake gani a kowane shago, har aka kai ga 70 da 80. Kyuba ma ta bi sahu: Cohiba Siglo VI mai zobe 52 a 2002, Montecristo Edmundo mai zobe 52 a 2004, Wide Churchill mai zobe 55 a 2010.

Dalilan a fili suke. Sabon mashayi ya fi jin daɗin hayaƙi mai sanyi wanda ba ya hukunta gaggawa. Ido yana ganin an samu kaya da yawa a kuɗi kusan ɗaya. Ga mai masana'anta kuma, abin da ya fi ƙaruwa a kara mai kauri shi ne kayan ciki, waɗanda suka fi riga araha, kuma ba lallai sai babban gwani zai naɗa ba. Duk waɗannan dalilai ne na ciniki, kuma halal ɗin kasuwa ne mutum ya sayar da abin da ake nema. Sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da ke nufin ganyen ya fi kyau.

Nahiyarmu ma tana da hannu a wannan labari. A gabashin Kamaru, wajen Batouri, da tsallaken iyaka a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ƙananan manoma suna noma ganyen riga da duniya ta san da zamansa, mai ɗan zaƙi da yaji-yaji, fuskarsa da 'yan ƙurarraji. Shi ne rigar kararen Hemingway da Don Carlos na kamfanin Arturo Fuente. Ganyen ƙarami ne, siriri, mai saurin yagewa, rufe ƙaton kara da shi wahala ne. Idan ma an rufe, lissafin ƙosai ya nuna mana muryarsa za ta ragu. Duk lokacin da kasuwa ta ƙara kauri, irin wannan ganye na manomin Afirka ne ke rasa wurin nuna kansa.

To, ina inganci yake?

Yana cikin ƙasar da aka shuka iri. Yana cikin tsinkar ganye 2 ko 3 a lokaci guda, daga ƙasa zuwa sama. Yana cikin rumbun shanya inda ganye ke rataye kusan kwana 50 har ya koma ruwan ƙasa. Yana cikin jibgewa a rufe ganye ya ɗauki zafi ya yi gumi, kamar yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa, har warin nan mai hawa kai ya fita. Yana cikin ajiya, inda ligero kan kwana shekara 2 ko fiye kafin a taɓa shi. Sannan yana cikin yatsun wannan dattijuwa.

A bakin wani titi a Habana, wani saurayi ya tare ni da akwati, ya buɗe, ga karare masu kauri jere, riga na sheƙi, tambari na ƙyalli, kuɗi kuma bai kai rabin na shago ba. Na sayi ɗaya don nazari. Da na koma masauki na zura shi a ramin wannan katako, zobe 52, ya shige daidai, ba matsi ba sako-sako. Sannan na tsaga shi da reza a kan farar takarda. Babu dogon ganye ko ɗaya a ciki. Guntaye ne, da jijiyoyi, da gari, irin abin da ake sharewa a ƙarƙashin tebur. Kaurin ne ma ya ba shi wurin ɓoye su.

Alkawarin da na yi

Na ce zan faɗi illa, kuma zobe yana da hannu a nan ma. Babban kara ɗaya yana iya ɗauke da taba daidai da kwalin sigari guda. Sanyin hayaƙinsa bai rage masa guba ba, sai dai ya sa mutum ya daɗe yana sha. Ko da ba a haɗiye hayaƙin ba, nikotin yana shiga jini ta fatar baki, kuma shan tabar naɗi yana jawo kansar baki, da ta maƙogwaro, da ta hanyar abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Castro kansa, wanda aka ƙirƙiri Cohiba dominsa, ya daina sha a 1985, lokacin da ƙasarsa ke yaƙi da shan taba. Ƙannena ɗalibai, wanda bai fara ba kada ya fara. Wanda ya fara, ina roƙonsa ya nemi hanyar bari. Ganin gwanintar masu sana'a bai wajabta wa kowa kunna ashana ba.

Kammalawa

Zobe yana gaya maka abu 3 na gaskiya: wa za a fi ji tsakanin riga da kayan ciki, yaya wuta za ta ci, kuma wane irin hannu ake bukata wajen naɗi. Siriri yana fito da riga, yana neman gwani da mai haƙuri. Kakkaura yana ba da sararin haɗi da hayaƙi mai sanyi, yana kuma iya ɓoye aibi. Iyakarsa ke nan.

Da yawanku gobe za ku tsaya a gaban buhunan citta, ko riɗi, ko huhun goro, ko ƙullin fata, da sikeli da ma'auni a hannu, za a kuma biya manomi bisa abin da kuka rubuta. Ku auna, domin ciniki ba ya tafiya sai da ma'auni. Amma idan kun gama aunawa, ku kwance buhun ku zura hannu har ƙasa. Wannan ramin da kuke gani, aikin dattijuwar nan zai shige ta cikinsa, na saurayin bakin titi ma ya shige, kuma katakon bai ce mini komai ba sai da na ɗauko reza.